Jarrabawar Riƙon Dukiya da Shirin da Take Bukata

(Jawabin da wani ɗalibin sashen tattalin arziki ya gabatar a madadin abokan karatunsa, a taron hutu na ɗaliban Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, wanda aka yi a garin Ƙiru.)



An nemi mu yi magana a kan jarrabawar ƙwararru ta fannin riƙon dukiya, watau aikin mutumin da masu hali ke damƙa wa kuɗinsu da kadarorinsu don ya juya musu, ya tsare, ya kuma tsara yadda za su isa hannun magada ba tare da sun watse ba. Tun da fari ya kamata mu faɗi matsayinmu, kada a ɗauke mu a kan abin da ba mu kai ba. Ba mu ci wannan jarrabawa ba, ba mu ma zauna mata ba tukuna. Mu biyar muka fara shiri a jami'a, yau saura mu uku. Saboda haka abin da za ku ji daga bakinmu labari ne na matafiyin da ke tsakiyar hanya, wanda ya san inda ƙaya ta soke shi, amma bai ga zangon ƙarshe ba.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan Ƙiru da wannan fanni, alhali kuwa masu kuɗin suna Legas? Amsar tana nan maƙwabta. A Bebeji aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a shekarar 1877. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, sa'an nan ya shiga sayen gyaɗa bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. A 1929, in ji masu tarihi, kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin ya kai ajiya a bankin Turawa na Kano, wanda shi ne kakan First Bank na yau. Sa'ad da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma duka. Abin lura a gare mu shi ne gidan bai rushe da rasuwarsa ba. 'Ya'yansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, sun ci gaba da harka, kuma Alhaji Aliko Ɗangote jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa. To, a zamanin Ɗantata ba shi kaɗai ne attajiri a ƙasar Kano ba. Ina dukiyar sauran? Da yawansu sunan kawai ya rage, ana kiran wani lungu ko wani kango da shi.

Kowa a nan ya san irin wannan labari a garinsu. Alhaji ya rasu ya bar shago, da gonaki, da garken shanu, da rumbunan masara, da mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai. Rabon gado kansa ba shi da wata tantama, shari'a ta riga ta yanke: matan su raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Inda gizo ke saƙa shi ne ba wanda ya san iyakar dukiyar. Lissafin yana cikin kan mamaci, an binne shi da shi. Waɗanda yake bi bashi sun yi shiru, waɗanda ke binsa sun zo tun ranar sadakar uku. Sai a karyar da shagon a kan rabin kuɗinsa don a sami abin rabawa, bayan shekara biyu kuma ka iske 'ya'yan gidan suna neman aikin gadi a birni. Da akwai wanda ya iya, da tun Alhaji na da rai an rubuta kome, an mai da harkar kamfani mai hannuwan jari, ta yadda kowane magaji zai karɓi haƙƙinsa cif yadda shari'a ta ce, shagon kuma ya ci gaba da ci da gidan.

Wanda mutuwa ba ta watsa dukiyarsa ba, tsadar kaya na cin ta a ɓoye kamar gara. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Ku ɗauki mutumin da ya zuba kuɗinsa a wata harka ta ba shi ribar kashi 20 a wannan shekarar. Yana murna ya ci riba, alhali in aka auna da abin da kuɗin za su iya saya, ya yi hasarar wajen kashi 11. Wanda ya ƙulle nasa a adaka kuwa, ba a magana. Daga nan sai 'yan damfara su sami ƙofa. Shirin nan na MMM, wanda ya durƙushe a Disamba ta 2016, ribar kashi 30 a wata ya yi wa mutane alkawari. Duk wanda ya yi mako biyu da littafin farko na wannan fanni zai iya lissafa cewa, in da gaskiya ne, Naira 100,000 za ta haura miliyan 2 da dubu 300 cikin shekara guda, ta haura miliyan 54 cikin shekara biyu. Ba masara, ba shinkafa, ba rake da ke haihuwa haka. Duk da haka a Afrilu na 2025 wani shirin mai suna CBEX ya sake kifewa da kuɗin jama'a, kuma cikin waɗanda suka faɗa ramin har da masu digiri.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, wannan magana ta shafe ku ko da ba ku da niyyar sauya aiki. Bisa dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin tarayya ko na kamfani ana cire masa kashi 8 na albashi, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Wannan taro-da-sisi ya haura Naira tiriliyan 20 a 2024. Wasu mutane ne, masu takardun shaidar da muke magana a kai, ke yanke shawarar inda za a zuba waɗannan kuɗi, kuma ƙalilan ne cikinsu suka taɓa jin sunan Kwanar Ɗangora.

To, wace jarrabawa ce? Ba ɗaya ba ce, kuma kuskuren farko da muka yi shi ne rashin tsayawa mu bambance. A cikin gida akwai ta ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, da ta ANAN mai kwaleji a Jihar Filato. Akwai ta ma'aikatan banki, CIBN. Akwai kuma ta dillalan hannun jari, CIS, wadda ta sami dokarta a 1992, ita ce kuwa mafi kusa da batunmu, domin ita ce ƙofar mai son ya yi wa mutane saye da sayarwa a kasuwar hannun jari ta Nijeriya. A waje akwai ta AAOIFI da ke Bahrain ga mai son hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Amma wadda sunanta ya fi tashi a duniya ita ce CFA, ta wata cibiya a Amurka, wadda aka fara yi tun 1963. Mataki uku gare ta, kuma daga 2025 an buɗe wa matakin ƙarshe rassa uku, ɗaya daga cikinsu na riƙon dukiyar ɗaiɗaikun mutane da iyalai ne. Ɗalibin jami'a na iya yin rajistar matakin farko idan ya kusa gamawa, amma ba a ba mutum lambar sai ya haɗa da aikin sa'a 4,000 cikin aƙalla shekara uku.

Mu ita muka sa a gaba, don sunanta ya ruɗe mu. Sai da muka zo maganar kuɗi jikinmu ya yi sanyi. Kuɗin rajistar kowane mataki ya haura dalar Amurka 1,000. Tun da aka saki Naira a Yuni na 2023 darajarta ta zube, har a 2024 dala ɗaya ta wuce Naira 1,500. Watau mataki guda ya haura Naira miliyan ɗaya da rabi a canjin wancan lokaci. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, kun ga ke nan albashin wata ashirin da ɗaya ne na ƙaramin ma'aikaci, ba ci ba sha. Ba a sa kuɗin fasfo ba, wanda sai da shi ake shiga ɗakin jarrabawa, ba a sa kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas da na masauki ba. Sa'an nan a yawancin shekaru waɗanda ke cin matakin farko ba su kai rabin waɗanda suka zauna ba. Ɗaya daga cikinmu mahaifinsa ya ce zai sayar da masarar da ya ajiye da bijimi guda ya biya masa. Mun zauna mun yi shawara, muka ce a'a. Mutumin da ke koyon yadda ake tsare dukiyar mutane bai kamata ya fara da jefa abincin gidansu na shekara a cikin abin da bai fi rabi-da-rabi ba. Lissafin da littafin ke koyarwa shi da kansa ya hana.

Saboda haka ra'ayinmu, wanda muka san wasu ba za su yarda da shi ba, shi ne ɗan talaka ya fara da ta gida, wadda ake biya da Naira, ya sami aiki da ita, sa'an nan ya nemi ta waje da kuɗin aljihunsa ko na ma'aikatarsa. In kuwa ta wajen yake so tun yanzu, to cibiyar tana da tallafi da ke rage kuɗin ƙwarai ga marasa hali, ya nema, ya jira amsa kafin ya taɓa rumbun kowa. Mu abin da muka yi ke nan. Karatun dai ba ya ɓaci, domin yawancin darussan iri ɗaya ne a dukkan jarrabawowin: lissafin kuɗi, karanta rahoton kamfani, tattalin arziki, da ladubban aiki.

Yanzu sai shirin kansa. Masu jarrabawar CFA sun ce kowane mataki na bukatar kimanin sa'a 300 na karatu. In mutum zai yi sa'a biyu kullum, kwana shida a mako, mako ashirin da biyar ke nan, kusan wata shida. A takarda abin da sauƙi. Amma mu da muka fito daga wannan yanki mun san shekararmu ba a shimfiɗe take ba. Da damina ta faɗi, wanda ya zo hutu gona zai tafi, ba wanda zai ce wa mahaifinsa yana da babi na bakwai. Ga azumi, ga jarrabawar jami'a, ga wuta da ba ta da alkawari. Biyun da suka janye daga cikinmu ba don ƙwaƙwalwa ba ne, sun fi wasunmu ma. Sun tsara jadawali ne kamar suna zaune a London, da mako uku suka kuɓuce musu sai suka ga an yi musu nisa, suka karaya. Mu da muka rage sai muka mai da wata shida wata tara, muka cire lokacin shuka da na girbi tun daga farko, muka kuma tsai da bayan sallar asuba ya zama lokacin karatu, don shi kaɗai ne lokacin da ba mai aikenka.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada. Mun shafe wata biyu muna karanta littafi kamar labari, muna ja layi da biro, muna jin daɗi mun gane. Ranar da muka gwada tambayoyin gwaji a kan agogo sai ido ya raina fata. Matakin farko tambaya 180 ne, zama biyu, kowane sa'a biyu da minti goma sha biyar, watau minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya. A cikin wannan ɗan lokaci za ka karanta Turanci mai tarko, ka gane abin da ake nema, ka buga lissafi, ka zaɓi ɗaya cikin amsoshi uku waɗanda biyu daga ciki an gina su ne a kan kuskuren da aka san ɗalibai na yi. A nan muka tuna da makarantar allo. Gardi ba ya cewa ya haddace don ya duba allo ya gane, sai ya kife allon ya kawo da ka, gobe ya sake, bayan mako ya dawo ya yi tilawa. Haka muka koma yi: a karanta kaɗan, a rufe littafi, a amsa tambayoyi da yawa, a rubuta duk wadda aka faɗi a wani littafi na dabam tare da dalilin faɗuwar, ranar Asabar kuma a yi tilawar na baya. Wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane shi ne na'urar lissafi. Iri biyu kaɗai aka yarda a shiga da su, BA II Plus da HP 12C, kuma ba sa aiki kamar wadda muka saba da ita a sakandare. Guda ɗaya muke da ita mu uku, muna karɓa-karɓa.

Maganar Turanci kuwa, dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce mu tilasta wa kanmu bayani da Hausa. Duk darasin da ɗayanmu ya kasa bayyana wa sauran da harshen gida, to bai gane shi ba, kalmomin kawai ya haddace. Da muka fara haka sai muka tarar rabin abin da ke cikin littattafan nan iyayenmu na aiki da shi, suna ne kawai ba su sa masa ba. Ana koya mana cewa Naira ta yau ta fi Naira ta baɗi. Kowace mace mai zubin adashi ta san haka, shi ya sa ake rububin ɗaukar farko, domin mai ɗaukar farko rance ta samu ba ruwa, mai ɗaukar ƙarshe kuwa kuɗinta sun dawo bayan tiyar shinkafa ta ƙara kuɗi. Ana koya mana kada a zuba jari wuri guda. Manomin Tudun Wada da ke da gonar tudu da ta fadama, ya shuka masara ya raɓa mata wake, ya kuma ɗaure tumaki biyu a gida, shi ne malamin wannan babi. Ana koya mana cinikin da ake yanke farashi yau a kawo kaya nan gaba, ga shi kuwa malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin cinikin salam da sharuɗɗansa.

Amma kada wannan ya sa mu ɗauka littafin ya san mu. Bai sani ba. Attajirin da ke cikin tambayoyin jarrabawa yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyu, dukiyarsa hannuwan jari ce da takardun lamuni, babbar damuwarsa haraji ne. Attajirin Doguwa dukiyarsa na tafiya da ƙafa huɗu, ko tana cikin buhu, ko gona ce da ba ta da takarda sai shaidar dagaci da maƙwabta. Ba za ka ga nisabin zakka a manhajar ba, ko bambancin ushiri na amfanin da ruwan sama ya shayar da rabin ushiri na wanda aka sha wahalar ban-ruwa, abin da ke da muhimmanci ga mai noman rani da injin famfo. Ba za ka ga wakafi ba, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi. Don haka wanda ke son ya yi wa mutanenmu aiki karatu biyu ke gabansa: na jarrabawa, da na zaure wajen malamin da ya san ilmin gado. Mu mun ware daren Alhamis domin na biyun.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da muka san tana zukatan da yawa, wato batun kuɗin ruwa. Gaskiya ne an gina yawancin lissafin manhajar a kansa. Hukunci na malamai ne, ba namu ba. Abin da za mu iya faɗi shi ne hanyar aiki ba tare da ruwa ba ta buɗe a ƙasar nan. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na Naira biliyan 100 don gina hanyoyi. A 2021 hukumar fansho ta buɗe asusu na musamman marar ruwa ga ma'aikacin da ya zaɓa. Jami'ar Bayero kuma tana da cibiya sukutum ta nazarin wannan fanni. Duk waɗannan wurare na bukatar mutanen da suka iya auna riba da hasara, kuma ma'aunin guda ne. Wanda bai iya lissafin ba, ba zai ma gane ruwan ba idan an sauya masa suna an kawo masa.

Saura babi guda, wanda ɗalibai suka fi rainawa don ba lissafi a cikinsa, watau ladubban aiki. A matakin farko yana ɗaukar kashi 15 zuwa 20 na maki. Da muka fara mun zaci wa'azi ne, kowa ya san sata ba kyau. Ashe tambayoyin ba a kan sata suke ba. Misali: kamfani biyu na neman jarin wanda kake yi wa aiki, ɗaya zai ba ka la'ada mai tsoka, ɗayan ya fi dacewa da shi, me za ka yi, me kuma ya wajaba ka bayyana masa? Ko ka ji wani labari na sirri a kan kamfani kafin jama'a su ji, yayanka kuma na da hannun jari a ciki. A ƙasarmu, inda dillali ya saba cin la'ada gaba da baya, inda kuma kunya ke hana mutum ce wa kawunsa a'a, waɗannan tambayoyi sun fi wuya a aikace bisa ga yadda suke a takarda. Wata rana gwauruwa za ta kawo wa ɗayanmu tumuninta a ƙulle cikin gefen zane, ba ta iya karanta ko layi ɗaya na takardar da za ta dangwala wa hannu ba, ba kuma mai duba aikin sai shi kaɗai. Mun fi jin tsoron wannan rana bisa ga ranar jarrabawa.

Kafin mu zauna, ga abin da muke roƙo. Yayyenmu da ke aiki a bankuna da ofisoshin kuɗi, waɗanda suka riga suka zauna wa ICAN ko CIBN ko CIS, ku ara mana tsofaffin littattafanku da tambayoyin baya, ko da sun tsufa. In da hali, ɗayanku ya ba mu sa'a biyu a wata ya duba inda muke kuskure. Mu uku muna haɗuwa kowace Asabar da hantsi har ƙarshen hutu, kuma duk ɗalibi ko ɗalibar da ke so ta zo da littafin rubutu da biro. Wannan makon muna kan babin karanta rahoton kuɗi na kamfani, kuma wani dattijo mai sayar da taki ya yarda ya ba mu littafin shagonsa na bara mu gwada a kansa.